Shagon Baba Mai Keke

"Minti nawa zai ɗauka?" mutumin ya tambaya, idonsa a kan wayarsa.

"Ka dawo jibi," in ji Baba mai keke. "Ƙafar ce ta karkace, sai na bi ta a hankali."

"Jibi? A babban kanti yanzu-yanzu za su sa min sabuwa."

"Ai wannan ba ta mutu ba, ɗana."

Mutumin ya ja kekensa ya yi gaba. Maƙwabciyarsa mai ɗinki ta ji komai, don katako kaɗai ya raba shagonta da na tsohon, shekara goma sha tara ke nan. Ta leƙo.

"Baba, da ka ce masa gobe."

"In yi masa ƙarya? Hannun nan ya daina sauri." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni da ke duk daga keke muke ci, 'yata. Naki dai ba ya zuwa ko'ina, shi ya sa kike da kasuwa."

A makon nan mutum biyu suka tsaya, dukansu iska kawai ya buga wa tayoyinsu. Duk da haka kullum sai ya buɗe, ya jera sifanoni a kan buhu, ya cika bahon gwada faci da ruwa, ya zauna.

Ranar Laraba da hantsi mai ɗinkin ta ji famfon buga iska ya faɗi. Ta same shi jingine da bango, ya dafe ƙirji.

"Kada ki tada hankalin kowa," ya ce. "Shigar min da kayan, kada rana ta ci robar."

Ta kira 'yarsa, aka kai shi asibiti. Ta kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya, hannunta duk giris, ta sa kwado. Kwana biyu kacal ya yi a asibitin. 'Yar ce ta bugo mata waya, ta ce, "Yaya," ta kasa ƙarasawa.

Bayan sati wani dattijo ya turo keke, tayar baya a sace. Ya ƙwanƙwasa ƙofar shagon Baba.

"Mai shagon fa?"

"Allah ya yi masa rasuwa," in ji mai ɗinkin.

Ya cire hularsa. "Shi ya haɗa min keken nan," ya ce. "Yanzu ina zan kai?"

Ya juya yana turawa a hankali, tayar tana jan ƙasa. Ta zauna, ƙafarta a kan fedar keken ɗinkinta, ba ta taka ba har ƙarar tayar ta ɓace a ƙarshen layi.