Wagashi Ta Zaɓi Gida

Wagashi karyata ce, kowa a Aboabo ya san haka. Ni na tsince ta tana 'yar ƙanƙanuwa a bayan turken shanu, fara tas kamar cukun da na sa mata sunansa. Ni ke ɗauko mata ƙashi daga mayanka kullum, ko ruwa ake ko rana. Amma da haihuwa ta zo mata, sai ta tsallake gidana ta shige rumfar Jibirin kafinta, maƙwabcina, ta zube 'ya'ya goma sha ɗaya a kan dusar katako.

Na tafi da romo a kwano. Ina sunkuyawa ta yi min gurnani. Ni Yero, mai ciyar da ita. Jibirin kuwa ya tsuguna yana juya 'ya'yan kamar mai suyar ƙosai, yana cire manyan daga nono yana sa ƙananan, ita tana lumshe ido.

"Yaya Yero, ka ajiye shi nan," in ji shi. "Ya gaji paa, gajiya sosai. In ka tafi zai sha."

Wagashi yake nufi, Hausar nan garin ba ta raba mace da namiji. Wato ni ne ma ke hana ta cin abinci. Raina ya ɓaci, kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

A gida matata Barakatu ta ƙara min gishiri. "Malam, kai da ƙafa kake tura masa kwano. Ka taɓa shafa kansa?"

Ban taɓa ba, kuma ba don ƙiyayya ba. Mahaifina ya koya mana in yawun kare ya taɓa ka, sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, kafin ka fuskanci alƙibla. Jibirin ma ya san wannan, shi ya sa ya ajiye gwangwanin yashi kusa da butarsa. Ni dai na ga kiyayewa ta fi sauƙi.

Ranar Juma'a da hantsi Jibirin ya tafi kai gado unguwar Dichemso, Wagashi ta fita neman ruwa. Na sa tsumma na kwashe 'ya'yan a cikin daro na kawo su zaurena, na shimfiɗa musu buhu sabo fil. Hakkina ne ai.

Ta dawo, ta sansana buhun, ba ta ko dube ni ba. Ta kama ɗaya a wuya ta fice, ta dawo ta kama wani. Ina zaune cikin farar rigata ina kallon yadda ake kwashe ni da baki. Har ya rage autan, wani ɗan baƙi mai kamar ɓera, ita kuma ba ta sake leƙowa ba. Kukansa ya fara shaƙewa, ya daina motsi.

Na duba hagu da dama, babu kowa. Na ɗauke shi da hannuna, na ji jikinsa sanyi ƙalau. Na cusa shi cikin riga a ƙirjina, Barakatu ta ɗuma madara, na riƙa ɗiga masa da yatsa har ya kama tsotsa.

Sai ga Wagashi a bakin zaure. Ta tako a hankali, ta sansana ɗan, sannan ta lashi hannuna tun daga yatsu har wuyan hannu. Tun da na tsince ta ban san harshenta na da ɗumi haka ba. Na ce a raina, to, yau ta gane mai gida.

Ta karɓi ɗanta ta nufi rumfar Jibirin.

Ladan ya kira sallah. Barakatu ta ajiye min buta da ƙasa a murfin kwano, ta koma ciki, ta leƙo ta same ni yadda ta bar ni.

"Malam, za ka rasa jam'i fa."

"Na ji," na ce. Hannun yana kan gwiwata, bai bushe ba tukuna.