Dutse na Saba'in da Uku

Hannun Malam Pyo ya shiga kwanon duwatsu, ya tsaya cak, bai fito ba.

Shekara talatin ke nan yana riƙe da ɗakin wasan baduk, wani irin dara na baƙaƙe da fararen duwatsu, a saman wani shagon taliya a birnin Daegu. Duk wasan da ya kalla sau ɗaya, yakan sake jera shi da ka, baƙi bayan fari, ba kuskure. Yau wasan ɗalibarsa Yeom Mi-ran yake jerawa, wata direbar bas wadda aka doke jiya a gasar lardi. In ta sake faɗuwa gobe, ta fita.

Tun farko faɗa yake yi mata. Ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala: ta bi duwatsu uku a kusurwa tana son cinye su, ta bar wa abokin karawarta gefen dama a buɗe. Tana "to, Malam", yana jerawa, har aka iso dutse na saba'in da uku, nan ne ya tsaya.

A bakin taga, ɗansa Gyu-tae ya ɗago kai daga wayarsa. Da safe ya iso daga Busan, bayan likita ya ce wataƙila tsohon ya fara ciwon mantuwa. Ya riga ya faɗa wa Mi-ran a matakala cewa in abin ya tabbata, zai rufe ɗakin ya tafi da mahaifinsa.

"Baba, lafiya?"

Idon tsohon na yawo a kan allo, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Mi-ran ta gane ya manta, ita kuwa ta san inda dutsen ya sauka. Shi ne ya kashe ta jiya. Ta ɗauki baƙi ɗaya ta dangwarar da shi a kusurwa.

"Malam, daina ja min rai. Kunyar wannan kake so in ji, na sani. Ga shi, ni na sa da hannuna."

Ya daɗe yana kallon dutsen. Sai ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya kai shi can gefen dama, inda fili yake.

"Nan. Ki bar masa ukun, ki ɗauki gari."

Ta duba da kyau, ta ga wasan ya juye gaba ɗaya. Gyu-tae ya ƙara kallonsu, ya yi ajiyar zuciya, ya sauka amsa kira.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace, tsohon ya fara kwashe duwatsun. Bai dube ta ba.

"Wasan gobe," ya ce a hankali, "ki rubuto min shi a takarda."