Awa Biyu da Rabi

Likitar ta danna bayan cinyarta da babban yatsa, Barewa ta cije leɓe ta damƙe gefen gadon.

"Tsoka ce ta yage. Minti nawa kike yi a ɗakin ɗaga ƙarfe?"

"Awa biyu da rabi. Kullum, ban da ranar hutu."

Likitar ta ajiye biro. "Ke da kike gudun mita ɗari huɗu? Wa ya tsara miki haka?"

"Kawuna. Shi ne kocinmu."

Ta kwatanta shi, likitar ta gane shi nan take, sai ta juya katin.

"Ni dai abin da nake faɗa wa 'yan gudu, minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya, sau uku a mako. In ya wuce haka, gajiya kawai ake tarawa. Shi ma ya sani. Bara ya kawo 'yarsa nan, tare muka zauna muka tsara mata."

Ta rubuta hutun mako shida. Saura kwana tara gasar zaɓe, kuma mutum ɗaya tak ƙungiyarsu za ta tura.

A cikin bas Barewa ta miƙe ƙafar tsakanin kujeru, kwandasta yana ta mita ta tare hanya. Ba ta ji shi ba. Wannan kawun ne ya saya mata takalmin gudu na farko bayan rasuwar mahaifinta, shi ya laƙaba mata Barewa. Wata huɗu ke nan da ya ce ita ba irin 'yarsa Auta ba ce, jikinta na ɗaukar wuya, ta ninka lokaci. Har daɗi ta ji a ranar.

Ta same shi a bakin fili, agogon gudu a wuya. Auta na zaune kan benci tana ɗaure takalmi.

"Kawu, minti nawa Auta take yi a ƙarfe?"

"Yaya ƙafar?"

"Minti nawa, Kawu?"

Ya ja ta gefe, ya rage murya. "Ke yarinya ce, kina da shekaru a gaba. Ita in ta rasa bana, shi ke nan. Wallahi ban nufe ki da ciwo ba. So na yi ki ɗan yi nauyi, ta wuce ki da taku ɗaya."

"Da ka roƙe ni, da na bar mata."

"Da ba ki bari ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ta juya wajen Auta, wadda suke kwana ɗaki ɗaya duk lokacin da aka je gasa, wadda ke shafa mata man zafi in ta fito daga ƙarfe tana rawar ƙafa.

"Ke ma kin sani?"

Auta ta kwance igiyar da ta gama ɗaurewa, ta sake ɗaure ta.

Barewa ta shiga ɗakin sauya kaya ta kwashe abin da ke lokarta cikin leda, ta bar makullin a jiki.

A gida ta tarar da mahaifiyarta a kan keken ɗinki.

"Kawunki ya kira har sau biyu yana tambayar ƙafar. Kin ga ɗan'uwa ke nan. Wa muke da shi in ba shi ba? Ki kira shi ki yi masa godiya."

Barewa ta dubi tsohuwar, da tabaraunta da aka ɗaure da zare, da tulin kayan mutane a gefenta.

"To, Mama."

Ta ɗora ƙafar kan matashi, ta buɗe waya. Akwai wata koci a wata ƙungiya da ta ba ta lamba shekara biyu da suka wuce, ita kuwa ta ce ba ta barin ƙungiyar kawunta. Lambar ta danna. Wayar ta yi ƙara sau uku kafin a ɗauka.

"Sannu 'yar nan," in ji mahaifiyarta, ba ta ɗago ba. "Ki gaishe min da shi."