Talatin da Bakwai a Kowane Gado

Ranar Litinin Farfesa ya tsaya a gado na tara, ya yaye zanen da ke kan ƙafar Baba Tela, ya ce ranar Juma'a za a yanke ta daga gwiwa. Mu ɗaliban aji biyar muna bayansa, kowa ya duƙufa yana rubutu.

"Kwana takwas yana shan allura, ƙafa sai ƙara ruɓewa take," in ji Farfesa. "Ƙwayar cutar ta fi ƙarfin maganin. Ku rubuta."

Da suka wuce, tsohon ya kama hannun rigata. "'Yata, wacce ya ce? Da ta dama nake taka keken ɗinki."

Ta daman ce. Na kasa faɗa masa, sai na ɗauki takardar da ke rataye a ƙarshen gadonsa. Zafin jiki: talatin da bakwai. Safe da yamma, kwana takwas, talatin da bakwai, ga mutumin da goshinsa ke ƙona mini tafin hannu. Na duba gado na goma, haka. Na bi ɗakin kaf. Maza goma sha huɗu, da mai karaya, da mai ƙuna, da wanda aka yi wa tiyata jiya, duk talatin da bakwai cif. Tun a aji uku aka koya mana cewa awon jikin mutane ba ya zuwa ɗaya. In ka ga lambobi sun jeru kamar haƙoran roba, to biro ne ya auna.

Na ciro nawa ma'aunin na sa masa a hammata. Talatin da tara da ɗigo shida.

Sai na zauna jiran keken magani. An rubuta masa allura duk bayan awa shida. Ƙarfe goma Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta turo kekenta, ta zuƙe kwalba biyu a sirinji ɗaya, ta tura masa a jijiya, ta ja layi a gida biyu na takardar.

"Sista, ai ɗaya ta ƙarfe shida ce, ɗaya ta sha biyu."

"Biyu yanzu, biyu da yamma. Huɗu ke nan, ko a makarantarku an canza lissafi?"

"Wannan maganin, rabinsa yana fita a fitsari cikin awa ɗaya. Kafin ki dawo babu ko ƙamshinsa a jini. Hutu kike ba ƙwayar cutar, ta ci ta ƙoshi ta hayayyafa!"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ƙaramar likita, tun ba a yanke miki cibi ba nake tura keken nan. Mu biyu ne a kan gado arba'in, ɗaki uku. Ma'aunin zafi kuwa ya fashe tun bara, na rubuta har na gaji. In kina da hannu takwas, bisimilla."

Gaskiyarta, su biyu ne. Amma biro bai gaji ba, kullum yana samun ƙarfin rubuta ƙarya, kuma a kan wannan ƙaryar za a dasa wa mutum zarto.

Likitan da ke kula da ɗakin ya ja ni gefe. "Ki rufa wa kanki asiri. Ita ke sa hannu a littafin aikinki. Haka muka tarar, haka za mu bari."

Na wuce shi na tari Farfesa a bakin ofishinsa, na nuna masa lambobin goma sha huɗu da nawa awon.

"Takarda ta ce an ba shi magani," ya ce, yana laluben makulli.

"Takardar ce ta ce ba shi da zazzaɓi, Malam. Ka taɓa goshinsa."

Bai je ya taɓa ba. Ya ce in yi abin da na ga dama, Juma'a dai tana nan.

Mu huɗu daga ajinmu muka raba awannin allurar tsakaninmu don a yi masa ita a kan lokaci, likitan ɗakin yana sa ido yana gunaguni. Na zagaye jan da ke ƙafar da biro don mu ga ko zai ja baya. Laraba zafi ya sauko talatin da takwas da rabi. Alhamis jan ya bar layina da faɗin yatsa uku.

Juma'a aka shiga da shi tiyata, aka cire 'yan yatsu biyu kawai da suka riga suka mutu. Farfesa ya shaida wa aji cewa wani lokaci magani yana jinkirin kamawa, likita sai da haƙuri. Kowa ya rubuta. Sista ta mayar mini da littafina babu sa hannu.

Ranar sallama Baba Tela ya zauna a bakin gado yana taka iska da ƙafar. "Uku ma sun isa," ya ce. "Dama ƙananan nan ba sa aikin komai, kamar surukaina."

Da azahar aka kwantar da wani a gado na tara, yana kakkarwa cikin bargo. Na ɗaga takardarsa. Talatin da bakwai, an riga an cike har na gobe da yamma.