Ruwan Janairu

Safara'u na cikin taje wa wata tsohuwa kai wayarta ta motsa a aljihun rigar aiki. Ba sai ta duba ba. Yau Juma'a, a gida an sauko daga masallaci, saƙon Inna ne ya iso.

"Mahaifiyarki ce?" in ji Madam Edna da Turancinta mai rawa, tana kallonta ta cikin madubi. "Kunna mana. Ina son muryarta, kullum kamar tana yi wa kaji faɗa."

A wannan gidan kula da tsofaffi na birnin Bradford an hana ma'aikata taɓa waya a bakin aiki. Amma ƙofa a rufe take, ita kuwa Madam Edna shekararta casa'in da ɗaya, ta wuce kai ƙarar kowa. Safara'u ta ajiye matajin, ta danna.

"To, Likitar Turawa, ina gajiya?" Muryar Inna ta cika ɗakin. "Mu nan lafiya lau. Akuyar nan mai baƙin kunne ta sake cinye mini sabulu. Na ce da Bashira ko ita ma Ingila take shirin tafiya, shi ya sa take wanke ciki. Ki riƙe sallarki. Ki dinga cin abinci, kada ki dawo mana kamar karan dawa. Allah ya yi miki albarka."

Safara'u ta yi dariya, ta fassara mata zancen akuyar. Tsohuwar ta yi murmushi, ta juya ido ga taga inda yayyafi ke gangarowa a jikin gilashi.

"Ashe ku ma ruwa ake yi a can," ta ce.

"Ruwa kuma? A Janairu?" Safara'u ta ɗauki matajin. "Ai mu yanzu rani ne. Kogi ya ja baya, ana ban-ruwan alkama. Ko ɗigo ba za a gani ba sai wajen…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta sake ciro wayar, ta kara a kunne. A bayan muryar Inna, ruwa ne ke dukan kwanon ɗaki, irin mai ƙarfin nan na tsakiyar damina. Can nesa kwaɗin fadama na amsa wa juna. Daf da inda Inna ta ce "albarka", aka yi tsawa.

* * *

Wata goma ke nan da zuwanta. Kafin nan shekara tara ta yi tana aiki a ƙaramin asibitin ƙauyensu, Tudun Zarami, can cikin fadamun Kirikasamma. Ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai share baranda idan ta kama. Da mijinta ya rasu kuma Allah bai ba su haihuwa ba, wata ƙawarta ta nuna mata hanyar aikin Ingila, ta bi.

Da farko komai tsoro yake ba ta. Ƙofar kanti ta buɗe da kanta, sai ta ja baya. Ta yi sallama a bas, ba wanda ya ɗago. Azahar da la'asar da magariba duk su same ta a tsaye cikin aiki guda, rana kuma ta faɗi tun ƙarfe huɗu kamar wadda aka kora. A hankali ta saba. Ta san lambar bas ɗinta, ta koyi yi wa direba godiya kafin ta sauka. Ta gano shagon wani Bapakistane mai sayar da kuɓewa da naman halal. Da kukar da ta taho da ita ta ƙare, ta koyi kaɗa miyar alayyafon gwangwani, har ta daina jin bambanci. Laima uku iska ta karya mata, daga nan ta sayi riga mai hula irin ta 'yan gari. Ruwa a nan ba shi da wata. Ana yin sa da azumi, ana yin sa da layya, ana yin sa ranar da ba kowa ba komai. Ta daina jin sa kwata-kwata, kamar yadda mai gida a bakin kasuwa ke daina jin hayaniya.

A bas ɗin komawa gida ta hau bene, ta zauna a kujerar ƙarshe, ta sa abin sauraro a kunne. Ta koma baya har watan Satumba, ta dinga bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai ne. Ba wanda babu ruwa ko kwaɗi a cikinsa. A wani na Disamba ma har ta jiyo wani yana cewa a shigo da shanya.

Sai kuma ta saurari nata saƙonnin da ke tsakani. "Inna, kina shan maganin hawan jinin kuwa?" Amsa ta zo a kan akuya. "Inna, wa yake auna ki yanzu?" Amsa ta zo a kan bikin 'yar maƙwabta. Ita kuwa a lokacin ta ɗauka halin Inna ne, wadda tun fil azal ba ta amsa tambayar da ba ta yi mata daɗi ba. Sau nawa ta kira don su yi magana baki da baki, yayanta Sunusi ya ce yana gona, ko yana kasuwar Haɗeja, ko Inna ta ɗan kishingiɗa? Ita ma ba ta matsa ba. A gajiye take dawowa, ƙafafu a kumbure, kuma saƙon Juma'a bai taɓa fashi ba.

Sai da direba ya leƙo ya ce an zo ƙarshen hanya, ta ga ta wuce tasharta da nisa.

* * *

Da safe ta kira Sunusi. Tana jiyo injin ban-ruwa na tatata a kusa da shi.

"A'a, Hajiyar Ingila! Yau kuma da sassafe? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, Yaya. Ya ruwa?"

"Wane ruwa? Ai sai na inji. Fetur ma ya…"

"Ɗaga wayar sama in ji. Jiya a saƙon Inna har da tsawa."

Injin ya ci gaba da bugawa. Can ta ji an kashe shi.

"Yaya, tana raye?"

"Subhanallahi! Tana raye mana. Wace irin magana ce wannan?"

"To ba ta wayar."

"Ina gona."

"Zan jira. Yau ba ni da aiki, gobe ma haka."

Ya yi ajiyar zuciya. Ta ji ya nemi wuri ya zauna.

"Safara'u, ki yi haƙuri. Tun Satumba ne. Lokacin da ruwa ya ci hanya. Da hantsi ta tashi za ta ɗauki buta, ta faɗi. Muka ɗauke ta zuwa asibitin naku, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Wanda aka turo a madadinki tun bayan sallah bai sake leƙowa ba. Sai kwalekwale muka nema. Ciyawar kacalla ta toshe mashigi, sai da muka zagaya ta bayan gonakin shinkafa. Kafin mu ga titi la'asar ta yi. Da muka isa Haɗeja likita ya ce da mun zo da wuri… Ɓarin dama ne ya shanye. Bakin ma ya tafi. Tana ji, tana gane mutane, magana ce babu."

"Muryar fa?"

"Da damina ne, da sabis ya ɗauke mana kusan wata guda. Kullum sai ta sa na kunna mata waya ta yi ta zuba, wai in an samu hanya a aika miki. Ban samu na aika ba abin ya faru. Shi ne nake gutsuro miki kaɗan kaɗan. Inda ta yi zancen ambaliya in cire."

"Kana gutsuro mini uwata."

"Ke kuma fa! Ranar da muka raka ki tasha ba a gabanki ta ce ko mutuwa ta yi kada a ɗaga miki hankali sai kin kafu ba? Ni umarni na bi."

"Saura nawa?"

"Me?"

"Saƙonnin. Saura nawa a wayarka?"

"Biyu," ya ce.

* * *

Bashira, matar Sunusi, ita ta kira ta da hoto mai motsi bayan azahar. Ga goyo a bayanta, ga hayaƙin murhu ya sa idonta ja.

"Wallahi Anti, sau uku ina ɗaukar waya in gaya miki, yayanki ya ce in na yi a bakin aurena. Ga ta nan. Inna, ga Likitarki."

Ɗakin ne dai da ta sani, da jeren kwanoni da ƙwaryar nono a rataye. A kan katifa akwai wata 'yar tsohuwa da ba ta kai rabin Inna ba. Bakinta ya karkace, an ɗaura mata ɗankwali a gicciye, ɗaurin da da tana da hannu ba za ta yarda da shi ba. Idanun ne kaɗai nata.

"Inna," Safara'u ta ce. "Inna, ni ce."

Leɓen ya motsa. Wani sauti ya fito, ba kalma ba. Hoton ya tsaya cak, fuskar ta daskare da baki a buɗe, sannan ya dawo.

Aikinta ne ya fara dawo mata kafin kuka. "Bashira, juya ta in ga bayanta. Ɗaga zanen."

A ƙasan ƙugu akwai gyambo kamar faɗin murfin kofi, gefensa ya yi baƙi. Wani na tasowa a diddige.

"Sau nawa kike juya ta?"

"Da safe in na yi mata wanka, da kuma dare. Muna shafa man shanu."

"Duk bayan awa biyu ake yi. Dama, baya, hagu. A sa matashi tsakanin gwiwoyi. In ba haka ba ciwon nan zai ci har ƙashi, shi zai kashe ta ba faɗuwar ba."

"Awa biyu, Anti?" Bashira ta gyara goyonta. Ba da faɗa ta yi maganar ba. "Yara huɗu, ga girki, ga kai abinci gona, ga ɗiban ruwa. Ni kaɗai ce fa."

Ranar Litinin Safara'u ta shiga ofishin shugabar gidan. Matar ta saurare ta da kyau, har ta miƙo mata takardar share hawaye. Ta ce akwai hutun mako biyu a watan Afrilu. Kafin nan ba hali, ma'aikata sun yi ƙaranci. In kuma ta tafi da kanta, to ta san izinin zamanta a ƙasar a jikin aikin yake ɗaure.

Ta gaya wa Sunusi za ta ajiye aikin ta taho. Bai ɗaga murya ba.

"Ki taho ki yi me? Asibitin naki awaki ke kwana a barandarsa. Maganin da take sha, daga wane aikin yake fitowa? Ki zo mu zauna mu uku muna kallonta?"

Kwana uku tana buɗe shafin jiragen sama a waya tana rufewa. A na huɗu ta goge rigar aikinta, ta fita ta tari bas.

* * *

Ta saita ƙararrawa a waya, duk bayan awa biyu. In ta buga, sai ta kira Bashira, ta tsaya a kan layi har sai ta ji nishin ɗagawa da ƙarar katifa. "Dama yanzu. Kin sa matashin? Allah ya biya ki." Makon farko ba a yi fashi ba. A na biyu Bashira ta fara cewa, "Na juya ta yanzun nan, Anti," alhali ana jiyo tabarya a hannunta. A na uku wayar takan yi ta ringi.

Wata ranar Laraba, ƙarfe biyu na rana, ƙararrawar ta same ta a ɗakin Madam Edna. Ita ma tsohuwar ta kwanta tun makon jiya, ƙafafu sun ƙi. A jikin gadonta an rataye takarda mai layi-layi, inda ake sa hannu duk lokacin da aka juya ta.

Safara'u ta danna lambar Bashira, ta mayar da wayar aljihu tana ringi. Ta rage tsayin gadon. Ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta mirgino tsohuwar a hankali zuwa ɓarin hagu. Ta duba fatar bayanta, sumul, ko ja babu. Ta shafa mai, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta ja bargo.

"Hannunki da taushi," Madam Edna ta ce, idonta a lumshe. "Wa ya koya miki?"

A jikin cinyarta Safara'u tana jin wayar na ringi a wani tsakar gida, a kan turmi ko a bakin murhu, har ta gaji ta katse. Ta zaro biro, ta duba agogo, ta rubuta ƙarfe biyu da minti huɗu, ta sa hannu.