Alamar da Magano Ta Ƙi Sawa

"Ba zan huda ba, Tate."

Magano ta ajiye abin hudar, wanda ake maƙala wa dabba alamar roba mai lamba da shi, a kan dutse. A gabanta jaririn karen ruwa ne, ɗan kwana shida, uwarsa na can teku neman kifi. Dokta Hamunyela, shugaban binciken, wanda take kira Tate, wato baba, ya dube ta sheƙeƙe.

"Meme Farfesa," ya ce, yana kiran ta uwa cikin zolaya, "yau kuma wa'azin me? Bara ke kika fi kowa sauri. Ɗari uku a mako guda, har kina yi mana dariya."

"Bara ban leƙa ramin diloli ba."

Watan jiya ta leƙa, a bayan tudun rairayi. Alamun roba arba'in da ɗaya ta tsinto cikin ƙasusuwa, dukansu masu lambarta. In aka huda hannun jariri tun naman bai yi ƙwari ba, wurin yakan ruɓe, ya kasa gudu. Dila kuwa gurgu yake nema.

"A bari su yi wata biyu," in ji ta.

"Su shige ruwa, ki bi su da iyo? Da lambobin nan muke hana a ƙara yawan waɗanda ake kashewa saboda fata. Ba lamba, ba hujja."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san abin da idonta ya gani.

"To, ba da hannuna ba."

Sai ya miƙa abin hudar ga Gerson, abokin karatunta, ƙato mai hannu kamar faranti. Ita kuma aka tura ta tuƙa tuwon masara a sansani. Kwana tara ta yi a bakin murhu, iskar Atlantika na tsattsaga mata leɓe, ana yi mata kirarin uwar karnuka. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta nemi afuwa ba. Amma kukan jariran yana isowa har murhun, kuma daga jinsa ta san an taɓa ƙashi.

Rana ta huɗu ta kasa daurewa.

"Gerson, cikin fatar za ka huda, ka bar yatsa ɗaya daga ƙashi."

"Au, mai yajin aiki ce ke koyarwa? Koma, tuwonki na ƙonewa."

Da suka koma Windhoek, babban birnin ƙasar, aka cire sunanta daga binciken. Shekara uku na karatun digirinta suka tafi a banza. Jariran kuwa an huda su duka, ɗari biyu da tamanin, da hannun da bai kai nata iyawa ba.