Baitin Yaya a Waƙa ta Tara

Shekarata goma sha ɗaya ina haɗa sauti a ɗan situdiyon nan na bayan shagon gyaran firji, amma ban taɓa yin aikin da ya ƙona mini rai kamar albam ɗin Gatari ba. Suna ne kawai Gatari. Mutumin da ko kaza ba zai iya kora daga kan takalminsa ba, shi ne wai zai yi albam na 'yan daba, waƙa goma, duk bindiga da wuƙa da "mu ne masu layi".

Ciwonsa ɗaya, bakinsa bai iya "a'a" ba. Duk wanda ya ce a sa shi, an sa shi. Mai askinsa ya samu baiti. Ɗan mai gidan hayarsu ya samu biyu. Wani mai gyaran waya ya shiga ɗakin makirfo yana rantsuwa ba ya tsoron uban kowa, sai matarsa ta kira, ya fice har da mantuwar hula. Ni kuwa ina gaban kwamfuta ina ɗinke shirme, ina janyo muryoyin da suka kauce wa kiɗa.

"Gatari, wannan albam ne ko motar haya?" na tambaye shi.

"Oga, a yi haƙuri, mutumina ne."

Kowa mutuminsa ne.

Waƙa ta tara ce kaɗai ta hana ni ajiye aikin. Gatari yana da wa a gidan yari, shekara shida ke nan, kuma shi ya koya masa jera baiti tun suna ƙanana. Yaya yana kira duk Alhamis da rana, minti uku cif, layin ya yanke da kansa. Muka dinga jingina wayar a gaban makirfo, sai da muka ci Alhamis uku kafin muka haɗa layi goma sha shida. Muryar a dishe take, ana jin ƙarar ƙofar ƙarfe a bayansa. Babu bindiga ko ɗaya a ciki. Cewa yake ya manta ƙarar ƙyauren gidansu, kuma duk ranar ziyara mahaifiyarsu tana ɓoye hannunta don kada ya ga yana rawa. Ranar da na gama haɗawa sai da na fita waje na sha iska.

Sai ga Dodon Layi. Shi kam sanannen mawaƙi ne, ya shigo da baƙin gilashi da mutum huɗu da turaren da ya sa ni atishawa. Ya saurari waƙoƙin yana latsa waya, ya ce ta tara yake so, kiɗanta ya fi.

"Amma a cire wannan mai magana daga cikin rijiya," in ji shi.

"A bar su duka biyun mana," na ce. "Akwai wuri."

"Malam, ni ba na raba waƙa da wayar salula."

Na dubi Gatari, Gatari ya dubi tayil.

"Oga, sunansa zai ɗaga albam ɗin. Yaya zai gane."

"Za ka gaya masa?"

"Zan gaya masa."

Na cire. Dodon Layi ya nemi ruwan ɗumi saboda maƙogwaronsa, ya sa aka kashe fanka, sannan ya shiga ya yi baiti a kan wahalar gidan yari. Mutumin da ko ofishin 'yan sanda bai taɓa wuni ba! Sau tara muna sakewa. Haushi kamar in fasa lasifika.

Albam ya fita ranar Laraba. Ranar Alhamis Gatari yana zaune kusa da ni yana ƙirga masu yabo, wayarsa ta yi ƙara. Daga yadda fuskarsa ta canza na san bai gaya wa Yaya ba.

"Ƙanina, an ce ta fita!" in ji Yaya. "Saka mini tamu. Ga mutanen ɗakinmu nan a bayana, har gandiroba ya matso."

Gatari ya tura wayar gaban lasifika. Ya yi mini alama da hannu. Na so in ƙi, amma me zan ce? Na danna.

Baitin Gatari ya wuce, muka ji ana tafi a can. Amshi ya wuce. Inda muryar Yaya ya kamata ta shigo, Dodon Layi ya faɗo da ihunsa. Waƙar minti huɗu ce da 'yan kai, ni kuwa idona yana kan agogon wayar. Kiran ya kai minti biyu da rabi. Biyu da arba'in.

"Kai, har da Dodon Layi?" Yaya ya yi dariya, muka ji ya juya yana gaya wa na bayansa, "Ku tsaya, a ƙarshe suka sa ni. Haka ake yi wa manya." Ya dawo kan wayar da sauri. "Lokaci zai cika. Ƙanina, Alhamis mai zuwa ka fara mini daga inda ta tsaya, ka ji?"

Layin ya yanke. Waƙar ta ci gaba ita kaɗai har ta ƙare, babu kowa a ƙarshenta sai amshi.